Kafin Kuɗin Kwamfuta Su Bar Aljihunka

Ɗana, tunda har zuciyarka ta raya maka ka saya wa gidanka kwamfuta, na san ba da wasa ka ƙulla wannan niyya ba, kuma na san kuɗin da ka ware ba a ƙasa ka tsince su ba. Wataƙila adashi ka ɗauka, wataƙila ragon da ka yi wata da watanni kana kiwo ka sayar, wataƙila kuma daga albashi ka riƙa tsakura kana ajiyewa har suka taru. Ta kowace hanya suka zo, guminka ne, kuma abin da aka samu da gumi bai kamata a rabu da shi cikin gaggawa ba. Ke ma 'yata da ke nake, domin a gidaje da yawa yanzu uwa ce ke tara kuɗin nan saboda karatun 'ya'yanta. Ku ba ni aron kunnuwanku tun ba a nufi kasuwa ba, don maganar da zan yi tana da amfani ne kafin a ƙirga kuɗi a miƙa. In an riga an miƙa, sai dai jaje.

Aikin farko a tsakar gida ake yin sa. Ka tara iyalinka bayan sallar isha'i, ka ɗauki biro da takarda, ka tambayi kowa abin da zai yi da na'urar nan in ta shigo. Za ka ji uwargida ta ce lissafin 'yar sana'arta take so ta riƙa ajiyewa, wa ya biya, wa ake bi; babban yaronka ya ce so yake hannunsa ya saba da maus da kibod kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a rubuta ta sai a kan kwamfuta; 'yarka da ke jami'a ta ce ta gaji da kai aikin makaranta shagon buga takardu ana cajinta shafi-shafi; kai kuma wasiƙu ne, da takardun ofis, da taro ta Zoom jefi-jefi, da sauraren karatun malamai. In ka dubi takardar nan da kyau za ka ga duk aiki ne mara nauyi, wanda matsakaiciyar kwamfuta za ta ɗauka ba tare da nishi ba. Sai fa in akwai mai karatun zanen gine-gine da zai yi aiki da AutoCAD, ko mai haɗa bidiyo don neman abinci. Wannan lissafinsa daban ne, kuma malamansa ko abokan sana'arsa za su faɗa masa abin da ya dace. Ka ninke takardar ka sa a aljihu, da ita za ka shiga kasuwa, domin a can za ka tarar da masu zaƙin baki da za su nuna maka abin da ba ka zo nema ba, har ka ji kamar gidanka ba zai zauna lafiya ba sai da shi.

Na faɗi haka ne don na daɗe ina ganin abin da ke tura mutanen kirki su kashe abin da ya fi ƙarfinsu, kuma sau da yawa idon mutane ne. Abokin aikinka ya ajiye siririyar MacBook a kan tebur tana sheƙi, sai zuciya ta fara raɗa maka cewa kai ma ai ba ka gaza ba. MacBook na'ura ce mai kyau, ban musa ba, musamman tun 2020 da Apple ya fara sa mata furosesar M1 mai riƙe caji yini guda. Amma irin waɗannan, ram da ma'ajiyar da ka saye ta da su su ke nan, ba a ƙarawa, kayan gyaranta na da tsada, kuma ba a kowane gari za ka sami wanda ya iya buɗe ta ba. Wanda sana'arsa ta bukace ta, Allah ya sa albarka. Kai da takardarka ta ce wasiƙa da lissafi da JAMB, me za ka ce wa kanka ranar da yaro ya tsaga sikirin ɗinta, aka faɗa maka kuɗin gyaran da ya kusa sayen wata kwamfutar? Waɗanda ka saya don su gani ba za su taya ka biya ba.

Daga nan ka dubi gidanka da gaskiya, ka fara da wuta. Awa nawa kuke samu a rana, kuma in ta zo da ƙarfi take zuwa ko da rauni? Wannan tambaya ita ke raba gardama tsakanin laftof da kwamfutar tebur. Cajar laftof ta yau da kullum wat 45 ce ko 65, ɗan ƙaramin sola ko inbata zai riƙe ta, kuma in ka juya bayan cajar za ka ga an rubuta 100-240V, wato ko wutar ta zo da rauni tana iya aiki. Ga batir a cikinta, in an ɗauke wuta kana tsakiyar rubutu ba abin da zai salwanta. Babbar kwamfutar tebur kuwa, mai akwati daban da sikirin daban, tana iya jan ninki biyu ko uku na haka, kuma da wuta ta ƙifta ta mutu, aikin da ba ka adana ba ya tafi, sai ka haɗa mata da UPS, wanda shi ma batirinsa kan gaji a sake shi. Duk da haka ban ce ka raina ta ba. Ta fi sauƙin gyara, sikirin ɗinta babba ne ga idon da ya fara gajiya, ba ta faɗuwa daga kan cinya, kuma ba a saɓa ta a shige ɗaki da ita a rufe ƙofa, wanda zan dawo kansa. Akwai ma 'yan ƙanana da ba su wuce faɗin littafi ba, irin su Dell OptiPlex Micro da Lenovo ThinkCentre Tiny da HP EliteDesk Mini, da yawansu caja mai wat 65 suke amfani da ita. In gidanka na da sola mai ƙwari, ka yi tunaninsu. In kuwa wutarku sai an ga dama, laftof ce taka.

Yanzu mu leƙa cikin na'urar. Abu uku ne ke sa ta yi sauri ko ta yi nawa, kuma in ka taɓa zama a shagon tela ka riga ka san su. Furosesa ita ce telan kansa, ram shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi ya yi yanka, ma'ajiya kuma ita ce kwabar da yake jibge yaddukan mutane. Tela komai gwanintarsa, in teburinsa ƙarami ne sai ya yi ta naɗe wannan yana warware wancan, yini ya ƙare bai haɗa riga ɗaya ba; in kuma ƙofar kwabar cijewa take, kowace ɗauko sai an zauna jiransa. Saboda haka kada ka yarda da ram da bai kai giga 8 ba. Kamfanin Microsoft ya ce Windows 11 za ta tashi a kan giga 4, gaskiya ne za ta tashi, amma da ka buɗe shafukan intanet biyar ko shida tare da Word za ka ga ta fara ɗingishi. In aljihunka ya kai giga 16, ka huta na shekaru. Ka tambaya kuma ko ana iya ƙarawa nan gaba, don wasu siraran laftof an liƙe musu ram a jikin allon inji, ba wurin ƙari.

Ita ma'ajiya iri biyu ce. Tsohuwar, HDD, faifai ne a cikinta da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu da ke bin sa yana karantawa; ba ta son jijjiga, kuma ka san hanyoyinmu da abin da bayan babur ke yi wa kaya. Sabuwar, SSD, ba abin da ke motsi a cikinta, ko mafi ƙanƙantar saurinta ya ninka na tsohuwar wajen sau huɗu ko biyar, kuma ita ke sa kwamfuta ta farka cikin daƙiƙu maimakon ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo. Mai shago zai buga ƙirji ya ce maka, "Alhaji, wannan fa tera ɗaya ce cur." Ka tambaye shi, tera ɗaya ta me? SSD mai giga 256 ta fi maka HDD mai giga 1,000 amfani nesa ba kusa ba, domin wasiƙu da takardun makaranta ba sa cin wuri, hotunan biki da bidiyo kuwa ana iya kwashe su a ma'ajiyar waje.

A kan furosesa ne aka fi yi wa mutane rufa-ido, don haka ka yi haƙuri in tsaya a nan. Kowa ya ji cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, sai mutum ya shiga kasuwa bakinsa ba abin da yake faɗa sai "Core i7 nake so", mai shago kuwa ya ɗauko masa i7 ya miƙa, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne shekarunta. Kamfanin Intel zubi-zubi yake fitar da furosesa, kusan kowace shekara da sabon zubi, 'yan kasuwa na ce masa janareshan, kuma lambar zubin na nan rubuce bayan ɗan karan da ke biye da sunan. In ka ga i7-4600U, lamba 4 ɗin nan na nufin zubi na huɗu, na 2013, mai ƙwaya biyu. In ka ga i5-8250U, zubi na takwas ke nan, na 2017, mai ƙwaya huɗu, kuma wannan i5 ɗin ta bar waccan i7 a baya can. Daga zubi na goma lambobi biyu na farko ake karantawa: i5-10210U na goma ce, i5-1135G7 ta sha ɗaya. Kwalin da aka manna a gefen kibod ba hujja ba ne, sitika ce, ana ɓarewa a manna wata. Ga aikin gida, i5 ko ma i3 daga zubi na takwas zuwa sama ta wadatar, haka ma Ryzen 3 ko Ryzen 5 na kamfanin AMD, daga jerin 3000 zuwa sama.

Dalilin da ya sa nake nanata zubi na takwas ba son raina ba ne. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ƙarin wa'adi da ya ba wanda ya yi rajista ta musamman. Ita kuwa Windows 11, da ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: ban da 'yan ƙalilan, ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas, kuma tana bukatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke tsofaffin na'urorinsu, su kuwa ba sa ɓacewa, kwantena-kwantena suke isowa kasuwanninmu. Masu gyara sun san dabarar tursasa wa tsohuwar na'ura ta ɗauki Windows 11, za ka kunna ka ga ta a sikirin ka ce ai shi ke nan, alhali kamfanin da ya yi ta bai yi alkawarin ci gaba da kula da irin wannan ba. Na'urar da za ka riƙa shiga asusun bankinka da ita, a ajiye takardun makarantar 'ya'yanka a ciki, bai dace a ce ƙofarta a sake take ba.

Sai batun sabuwa ko ta hannu, kuma a nan ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. In kana da halin sabuwa fil a kwali mai ram giga 8 ko 16 da SSD da furosesa ta kirki, daga dilan da aka sani, da garantin shekara guda a rubuce, ka saya, hankalinka zai fi kwanciya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Abin da nake ji maka tsoro shi ne sabuwa mai arha. Na taɓa zama kusa da wani malamin firamare da ya kawo tasa wurin gyara, shuɗiya, siririya, ko ledar jikinta bai gama ɓarewa ba. Kukansa shi ne kullum sai ta rubuto masa cewa wuri ya cika, shi kuwa ko hoto ɗaya bai sa mata ba. Mai gyaran ya duba, ya juyo da sikirin ya nuna masa wani jan layi da ya kai ƙarshe: furosesar Celeron ce, ram giga 4 a liƙe, ma'ajiya irin ta eMMC mai giga 32, wadda Windows kaɗai ta kusa cinyewa. Malamin ya tambaya nawa ne a ƙara mata. Aka ce ba a ƙarawa. Ya yi shiru yana shafa murfinta da tafin hannu, sannan ya ce albashin wata nawa ne ya tafi a nan. Da kuɗin nan, ko da ɗan ƙari, da ya sami ta hannu irin wadda aka ƙera don ofisoshi, kamar Lenovo ThinkPad T480, ko Dell Latitude 5490 da 7490, ko HP EliteBook 840 G5, dukkansu 'yan 2018 ne, an gina su don su jure wahala, ana buɗe su a ƙara ram a sake batir, kuma kayan gyaransu na nan daga Beirut Road da Farm Centre a Kano, zuwa Banex a Abuja, zuwa Computer Village a Ikeja. Ko a cikinsu ma ka karanta lambar furosesa, don wasu sun zo da zubi na bakwai.

Ka kula kuma da wadda ake kira Chromebook. Arharta na jan ido, amma ba Windows ce a kanta ba, tsarin Google ne da aka gina don mai intanet a kowane lokaci, kuma manhajojin gwajin JAMB da aka yi don Windows ba za su hau kanta ba. Wasu kan cusa mata Windows da ƙarfi su sayar, sai ka tarar sauti ba ya fita ko wasu madannai ba sa aiki.

Ranar da za ka shiga kasuwa, ka tafi da safe, cikinka a ƙoshe, ba ka da wani uzuri da ke jiranka. Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin duk abin da ake shigowa da shi dala yake bi, don haka kuɗin da maƙwabcinka ya biya bara ba ma'auni ba ne. Ka taya a shago uku cikin mako guda, za ka san inda farashin ya tsaya. Wanda ya turo maka hoto ta WhatsApp ko Facebook ya ce ka tura kuɗi a sa maka a mota, in ba mutumin da ka sani ka san shagonsa ba ne, cinikin biri a sama yake so ku yi. In za ka tafi da wanda ya san kan na'ura, madalla, amma ku yi magana tun a gida, ka ba shi ladansa a fili, kada ya zamana yana gefenka yana ƙifta wa mai shago ido a ɗora masa la'ada a kan kuɗinka.

In ka sami wadda ta kwanta maka, ka nemi kujera ka zauna. Mu mutane ne masu kunya da kara, kuma hali ne mai kyau, amma na ga kunya ta sa mutum ya biya kuɗi bai ko kunna abin da ya saya ba, don kada a ce ya zargi ɗan'uwansa Musulmi. Gwaji ba zargi ba ne, ɗana, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin haushinsa, shi ma kariya ce gare shi. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance, a nan na'urar da kanta za ta faɗa maka sunan furosesarta da lambarta, da yawan ram, da ko SSD ce ko HDD. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu da ke gefen juna: abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, da abin da yake iya ɗauka yau. In na farko ya ce 50,000 na biyu ya ce 22,000, ka san fiye da rabin ransa ya tafi, sai a rage maka kuɗin sabon batir ko a sake shi a gabanka. Ka zare caja, ka kunna bidiyo, ka bar shi yana yi yayin da kake sauran dubawa, ka ga yadda cajin ke sauka. Ka buɗe farin shafi ka cika sikirin da shi, ka nemi tabo ko ɗigo ko layi. Ka buɗe Notepad ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. Ka soka filash a kowace kafa, ka kunna kyamara da sauti, ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka. Ka buɗe murfin ka rufe a hankali, kana sauraren ko maƙallin na ƙara. Ka shafa wurin da ake jan yatsa. In ya tasa ya yi tudu, batirin da ke ƙarƙashinsa ya kumbura, kuma kumburarren batir na iya kama wuta. Ka kara kunne ka ji fanka, ka sa hannu a ƙasa ka ji zafi. Duk wannan bai fi rabin awa ba.

Ka dubi jerin haruffan kibod ɗin ma. Wadda ta fito daga Faransa ko Beljiyam layinta na sama da AZERTY yake farawa, wanda ya dace da ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram mai rubutu da Faransanci. Yaron da zai zauna jarrabawa a Najeriya kuwa QWERTY zai tarar, da shi ya kamata yatsunsa su saba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sai an saya musu komai ba, Windows na da tsarin kibod na Hausa a cikinta, ƙara shi kawai ake yi.

Akwai wata magana da ta fi duk waɗannan nauyi. In wani yaro ya tare ka a bakin kasuwa da laftof a cikin jaka, ba caja, ba rasit, yana waige-waige, ya yanka maka rabin farashi, ka san akwai wanda ke kuka a wani gida. Wataƙila ɗalibi ne da aikin shekararsa ta ƙarshe ke ciki. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, ana bin sawu har a iso ƙofar gidanka a gaban 'ya'yanka, kuma ko ba a taɓa isowa ba, ba ka so a ce da abin haram suke karatu. Ka saya a shago mai adireshi, a rubuta maka rasit da sunan shagon, da samfurin na'urar, da lambar jikinta, da kwanakin garanti, kai kuma ka gwada lambar rasit da wadda ke ƙasan na'urar harafi-harafi. Ka tabbata ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba, ba kuma sunan wani kamfani ko makaranta da ke fitowa yana neman izini. In ta Apple ce, a cire asusun iCloud na mai ita na farko a gabanka. In ka tarar da hotuna ko takardun wani a ciki, amana ce ta faɗo hannunka, kada ka tsaya leƙe, ka sa a goge a sake zuba Windows daga tushe.

Kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan na'urar, kuma kada ka ci bashi mai ruwa don ka hau matakin da takardarka ba ta nema ba. Kwamfuta darajarta sauka take yi kowace shekara, bashin kuwa hawa yake. Ka rage abin sayen jaka mai soso, da maus, da soket mai kare na'ura daga tsallen wuta, musamman in kuna tayar da ƙaramin janareta. Caja ta zama ta asali. Jabu kan sa kibiyar maus ta yi ta rawa, kuma a hankali take cin batir. Manhajojin sata da ake loda wa mutum kyauta a matsayin gyara, sau da yawa da bairos suke tafe. Windows na da mai gadinta a ciki, Microsoft Defender, ya ishi mai aikin gida, kuma in kuɗin Office sun yi maka yawa akwai LibreOffice, kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel. In da datar waya za ka riƙa shiga intanet, ka sa a nuna maka inda ake kunna Metered connection, don kada Windows ta shanye maka datar wata a dare ɗaya.

Ƙasarmu kuma ba ta da sauƙi ga na'ura. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kuma zafi ne babban maƙiyin batir. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ta kowace kafa ta toshe fanka. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo ko dardumar ɗaki, don ta ƙasa take shaƙar iska. Kada a bar ta cikin mota a rana. In an gama aiki a rufe a sa a jaka, kuma bayan kowane hunturu a kai wa mai gyara ya buɗe ya busa. Takardun da ba ka iya jure rashinsu ka ajiye kwafinsu a wuri na biyu, ko a ma'ajiyar waje ko a Google Drive da ke ba kowa giga 15 kyauta, domin SSD ma takan mutu, kuma ba ta cika yin sallama ba.

Na ce zan dawo kan rufe ƙofa. Kwamfutar gida wurinta falo ne, sikirin na fuskantar inda mutane ke wucewa, ko da kuwa laftof ce. Ba don kana zaton sharri ga 'ya'yanka ba, sai don intanet ba ta san yaro ba, abin da za ta nuna wa babba shi za ta nuna masa, kuma yaron kirki ma in aka bar shi shi kaɗai da dare yakan faɗa inda bai yi niyya ba. Ka buɗe wa yara asusunsu daban wanda ba shi da ikon loda manhaja, naka na shugaba ya kasance da kalmar sirri, a sa lokacin kunnawa da na kashewa, kuma kai ka fara kiyaye shi. Ka riƙa jawo kujera ka zauna kusa da su, ka ce su koya maka abin da suka iya. Za ka ƙaru, su ma za su saba da cewa abin da suke yi a kanta ba ɓoyayye ba ne. 'Yan mata su sami rabonsu na lokaci daidai da maza, kada ta zama ta yayansu shi kaɗai.

Garantin kayan hannu a kasuwanninmu gajere ne, wani mako ɗaya, wani biyu, wani wata guda. Kada ka kai ta gida ka adana a sif sai yaro ya dawo hutu. A kwanakin nan ne za ka ba ta aiki sosai: ka bar ta a kunne tun safe har yamma, ka cika batirin ka sauke shi, ka buɗe duk abin da ke cikin takardar da kuka rubuta da iyalinka. In ta mutu da kanta, ko sikirin ya yi shuɗi, ko zafinta ya hana ka ɗora hannu, ka mayar da ita tun wa'adin bai cika ba, da rasit a hannunka, ka yi sallama ka gaisa da mai shago da mutunci, ka nuna masa abin da ka gani, ka nemi a canza maka ko a maido maka da kuɗinka.